Likkafar Kakanmu a Littafin Jamusawa

An haife ni a Bilbis kafin a sauke tutar Turawa, don ranar da aka sauke ta ina da wayon ɗaukar tulu in je rafi ni kaɗai. Baba ya rasu shekarar babban fari, bayan an mayar da motoci bin hannun dama, mutane ba su gama sabawa da naira ba. Abin da zan ba da labarinsa kuwa na jiya-jiya ne. Ya faro shekarar da aka katse layin waya a Zamfara, lokacin da mai son jin muryar ɗansa sai ya shiga mota ya tafi Funtuwa. Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba sai a shekarar nan. Na sa a rubuta mini wannan yadda na faɗe shi, na kuma ce kar a gyara mini baki.

Mu biyu ne ɗiyan Baba da suka rayu, ni da ƙanwata, duk mata. Ni ce babba. Ita aure ya kai ta Karakkai, can ta tsufa. Ni kuwa aure ya kai ni Tsafe, daga baya ɗiyana suka ɗauko ni suka kawo ni Gusau.

Gidanmu yana da labari guda, kuma a bakina yake zaune. Kakanmu, mahaifin Baba, rakiyar fatake yake yi a kan doki tun kafin zuwan Turawa. Wata rana ayari ya baro Tsafe ya shiga daji, sai ga wani ɗan fashi bisa ingarma, shi da dokinsa duk cikin lifidi, rigar nan ta auduga mai kauri da takobi ba ya ci. Kakanmu ya sara, ya sake sara, kamar mai dukan katifa. Da ya ga haka sai ya mayar da takobi kube, ya zaburi dokinsa har suka jera gwiwa da gwiwa, ya sunkuya ya ɗaga ƙafar mutumin tare da likkafarsa, ƙarfen nan da mahayi ke zura ƙafa a ciki. Mutumin ya zube ta ɗaya gefen, nauyin lifidi ya hana shi tashi. A nan fatake suka ɗaure shi da igiyar jaki.

A gajarce ke nan. Ni idan na ɗauko shi, sai tuwo ya huce a kwano ba a sani ba. Ina yin kukan dokin, ina yin muryar madugu, ina yin ƙarar faɗuwar. Na ba da shi a gidan suna, na ba da shi a gidan biki, na ba da shi a ɗakin jinya har mai ciwon gadon kusa ta manta da nishi. Kullum kuma da magana ɗaya nake rufe shi: wannan dabara ta gidanmu ce, duk duniya babu wanda ya san ta sai jininmu.

Baba bai samu ɗa namiji da zai koya wa ba, sai ya koya wa mace. Bayan an gama sussuka yakan kai mu masussuka da jakuna biyu, ya ɗora musu akumari, ya rataya wa ɗaya tsofaffin likkafun kakanmu. Ni yake ɗorawa a kan mai likkafun, ya ba ni karan dawa a hannu, ya ce, "Ke ce ɗan fashin." Ƙanwata ta taho a kan nata jakin, ta jera da ni, sai kawai in ji ƙafata ta tashi sama, in gan ni cikin tarin ƙaiƙayi. In tashi in kakkaɓe, a sake. Kaka bayan kaka haka muke yi har na isa aure. Baba yakan tsuguna kusa da ita ya riƙe mata hannu, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa a kunne. Ni ina can sama, an ce in kalli gabana in yi ta ihu kamar ɗan fashi. Ban taɓa ganin abin da hannunta ke yi a ƙasa ba. Faɗuwa kawai na sani, ita kam na san ta sosai.

Da Baba ya rasu aka zo rabon abin da ya bari, aka ce babba ta fara zaɓe. Ga doki a tsaye, ga takobi da likkafu a cikin buhu. Wa zai bar doki ya ɗauki tsohon ƙarfe? Na ɗauki doki. Farin nan bai bar shi ya ga damina ba. Ƙarfe kuwa ba ya cin ciyawa, yana nan a Karakkai har gobe.

To, ina da jika, ɗan babbar ɗiyata, yana da shagon gyaran waya a Sabon Gari. Magidanci ne yanzu, da gemunsa. Tun yana rarrafe labarin kakanmu ne ke sa shi shiru. Da ya girma bai daina ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biyo da goro da tsire, ya miƙe ƙafa a tabarmata ya ce, "Tsohuwa, a kayar mini da ɗan fashi." Ina da jikoki da yawa, amma sauran gaisuwa suke zuwa yi. Shi kaɗai ke zuwa saurare.

Da aka katse layi, aikinsa ya tsaya. Wa zai gyara wayar da ba ta kira? Yakan tafi Funtuwa ya cika wayarsa da abin kallo, ya dawo ya zauna a shago yana korar ƙuda. Wata Juma'a ya shigo ko sallama bai gama ba.

"Tsohuwa, taso ki ga kakanki."

"Kakana a cikin waya? Kai dai zaman banza ya fara taɓa ka."

Ya miƙo mini. Zane ne na hannu a kan takarda da ta yi ja don tsufa. Dawakai biyu sun jera, mahaya biyu cikin rigunan ƙarfe tun daga ka har ƙafa. Ɗaya ya sunkuya ya kama likkafar ɗaya ya ɗaga, wancan ya karkace, hannunsa yana neman abin kamawa a iska. Na san karkacewar nan. Na yi ta a masussukar Bilbis har ban san iyaka ba.

Na ce, "Wa ya faɗa musu?"

Ya yi dariya har yana buga cinya. Ya ce ai littafin Jamusawa ne, an zana shi tun kakan kakan kakanmu bai zo duniya ba. Wai a zamanin nan suna da malaman faɗa, masu koya wa manyansu riƙon takobi da mashi da wuƙa da kokawa, a ƙasa da kuma bisa doki, suna sa a zana komai a ajiye.

Na ce, "To sata ce dai. Ko sun riga mu, sata ce."

Na ture wayar, na ce kaina na ciwo. Ranar ban kayar da ɗan fashi ba, shi ma bai tambaya ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Ba zan ɓoye ba, na yi kishin mutanen nan. Matattu ne, ban san su ba, ba su san ni ba, amma na tsane su kamar mun haɗa katanga. Ku duba fa: an zana musu fuska, an zana gashin baki, har ƙusar kofaton dokinsu an zana. Kakanmu da ya tsare ayari guda da hannunsa, ko inda kabarinsa yake ba mu sani ba. Baba ko hoto ɗaya bai bari ba. Su suna kwance cikin takarda ana juya su a hankali kamar ƙwai, mu namu yana cikin bakin tsohuwa mai haƙora huɗu.

Juma'o'in da suka biyo baya jikana bai fasa zuwa ba, amma zaman ya juye. Da shi ke miƙe ƙafa ni ina magana, yanzu ni ke tauna goro shi yana ba ni labarin Jamusawa. Wai takobinsu dogo ne, da hannu biyu ake riƙe shi. Wai idan abokin faɗa yana cikin rigar ƙarfe, sai mutum ya kama tsakiyar kaifin takobinsa da hannu ɗaya, ya nemi kafar hamata ko ta wuya ya soka, ko ya juya shi gaba ɗaya ya yi duka da marikin kamar guduma. Wai mahayi ya fi son ya riski abokin gabarsa ta baya ta hagu, inda hannun takobi ba ya kaiwa da sauƙi. Wai babban malaminsu a waƙe ya bar karatunsa, ya kuma dunƙule maganar da gangan don kar kowane ɗan kasuwa ya gane, sai almajiransa na kusa ne suka warware daga baya.

Na ce, "Ashe maroƙi ne."

"Tsohuwa, malami ne babba."

"Mai waƙar da ba a ganewa? Mu a Bilbis irinsu ko dawon fura ba a ba su."

Ya nuna mini na yanzu, jikokinsu, cikin wani babban ɗaki, sun rufe fuska da raga suna sarar juna, suna leƙa littafin suna komawa. Shi ma ya sa kafinta ya sassaƙa masa takubban katako biyu. Shi da wani tela abokinsa, mai shago kusa da nasa, sukan sa hular kwano ta 'yan acaɓa su shiga bayan shago suna ta ƙwal-ƙwal har masu shayi su taru. Uwarsa ta zo mini da ƙorafi, wai a wannan zamani da ake tsoron duk mai riƙe da makami, ɗanta ya zama abin nuni. Na ce ta je ta tambayi Jamusawa, su ne kakanninsa yanzu.

Bayan an dawo da layi, wata Juma'a ya zo da fuskar roƙo. Ya zauna kusa da ni har kafaɗarmu na gogayya, yadda yake yi yana yaro.

"Kaka," ya ce. Ba ya ce mini Kaka sai yana son wani abu. "Zanen nan lokaci guda kawai ya nuna, ƙafa ta riga ta tashi. Bai nuna yadda hannu ya je wurin ba. Mutanen can ma gardama suke ta yi a kai. Mu kuwa a gidanmu aka yi shi da gaske. Ina so in gwada a kan doki, a ɗauka a waya, su ga namu. Kakanmu a ina ya kama?"

Raina ya yi fari ƙal. Ga shi ya dawo, ga Jamusawa da littafinsu sun rasa, an zo wurina. Sai dai ban san amsar ba.

Na ce, "A likkafa mana. Shekara nawa kana ji, ba ka da kunne?"

"Ƙarfen kansa?"

"To mi ake kira likkafa, in ba ƙarfen ba?"

Ya ce, "Inna ta Karakkai fa? Tunda kayan na wurinta, ko ta san wani abu?"

Na ji kamar an zuba mini garwashi a zane. Na ce, "Ita? Ka taɓa jin ta kai labari ƙarshensa? Ko kaza ce ta ɓace mata, kafin ta gama faɗa an gano kazar an yanka. Ƙarfe kawai ta gada."

Ban yi ƙarya ba. Ƙanwata ba ta iya magana ba, tun tana yarinya haka take. Amma ban faɗi sauran ba. Na san in ya taka Karakkai ya ga abin da ke hannunta, Juma'ata ta tafi. Jamusawa sun ƙwace mini rabin yaron, ba zan miƙa wa ƙanwata ragowar da hannuna ba.

Ya je ya shirya abinsa. Akwai wani mutum a Bungudu mai ba da hayar dawakai ga angwaye, ya yarda zai ba su biyu su gwada a wani fili mai rairayi bayan gidansa. Tela zai zama ɗan fashi. Jikana ya dawo yana ta murna, ya ce har ma mutumin yana da sirdi irin na da, da likkafu irin na da, masu faɗi kamar cebur, gefensu da kaifi.

"Da kaifi?" na ce.

"Sosai. Wai da gangan ake wasa su, don a tsakiyar yaƙi mahayi ya yanki dokin abokin gaba da ƙafa."

Goron da ke bakina ya koma kamar ƙasa. Na tuna tafin hannun ƙanwata. Akwai tabo da ya ratsa yatsunta huɗu, ɗaya daga ciki har yau ba ya lanƙwasuwa. A masussuka ta same shi, farkon koyonmu. Na tuna jini a kan ƙaiƙayi, na tuna Baba ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure mata, yana yi mata faɗa a kunne. Lokacin ba ciwonta na gani ba, rawanin na gani, ina cewa ni da nake faɗuwa kullum ba a taɓa yaga mini komai ba. Sai yanzu na haɗa: ƙarfen ta kama. Kuma jaki ne, yana tafiya kamar ba ya so. Wannan kuwa doki ne a guje, da ƙaton tela a kansa.

Na dubi hannun jikana. Siraran yatsu ne, da su yake ɗaukar ƙusoshin waya waɗanda ni ko ganinsu ba na yi. Da su yake ciyar da matarsa da ɗiyansa.

Kar ku ɗauka nan take na tashi. Na fara bi ta wasu hanyoyin tukuna. Na ce wasan banza ne, magidanci ba ya yi. Ya ce ai ni na raine shi a kai. Na ce dawakan haya mugaye ne. Ya ce angwaye matsorata ma suna hawa. Na ce ya sa safar hannu ta masu walda. Ya ce da ita ba zai ji abin da ya kama ba. Na ce na yi mugun mafarki. Ya ce in rage cin tsire. Duk ƙofar da na tura a rufe take, saura ɗaya, wadda na fi ƙi.

Ranar da za su tafi, da hantsi, na ɗaura zanena na fita unguwa, na yafa mayafi, na sa aka kai ni shagonsa.

"Tsohuwa, lafiya?"

"Karakkai za ka kai ni kafin ka taɓa dokin kowa. Na kwana biyu ban ga ƙanwata ba."

"Yau ɗin nan?"

"Kunnenka ne dai ba ya aiki. Yau."

Muka shiga motar Bungudu, daga can muka nemi ta Karakkai. Hanya ba ta da daɗin bi a shekarun nan, kowa a motar bakinsa na motsi da addu'a. Ni tawa addu'ar daban ce, Allah ya sa ta manta.

Ba ta manta ba. Muka same ta tana tsince wake a tsakar gida. Ta ce, "Yaya, ke ce da rana tsaka? Wa ya mutu?" Na ce babu wanda ya mutu, jikana ne ke son ya ga tarkacen Baba. Aka sha ruwa, aka gaisa. Ya nuna mata zanen. Ta kai wayar kusa da hanci, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Tasu likkafar zobe ce, ko yaro ya kama." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta shiga ɗaki ta jawo buhu daga ƙarƙashin gado.

Rabona da ganin likkafun nan tun rasuwar Baba. Ta yi ta shafe su da man gyaɗa duk shekarun nan, ko tsatsa babu. Jikana ya kai hannu, ta buge shi.

"Ba nan ba."

"To ina, Inna?"

"Ka yi haka, sai ka yi haka." Tana juya hannu a iska. "Sai kuma haka ɗin nan."

Ya dube ni, na ɗauke kai. Na ce a raina, ga malamarka nan, sha karatu.

Ta ga bai gane ba. Ta waiga ta ga buhunan masara biyu an ɗora ɗaya bisa ɗaya a gindin rumbu. Ta rataya likkafun a kai, ta shimfiɗa katifarta a gefe, ta juyo ta dube ni.

"Yaya, hau."

"Ke, kin san shekaruna kuwa?"

"Na sani, da biyu kika girme ni. Hau. Babu wanda ya iya faɗuwa kamarki."

Matan gidan suka fito suna rufe baki. Na dubi jikana, ya riga ya ɗaga waya, idonsa na ƙyalli irin yadda yake yi da can in na kai wurin da kakanmu ya mayar da takobi kube. Na tattare zane, aka kama ni na hau buhu, na zura ƙafa a likkafa. Ta tako ta gefena tana ɗingishi, wai ita ce doki.

Wannan karon ban kalli gabana ba. Babu Baba da zai ce in yi ihu. Na sunkuyar da kai na kalli ƙasa, na ga abin da aka yi ta yi mini tun ina yarinya. Ba ta taɓa ƙarfen ba ko kaɗan. Ta zura hannu ta bayan dunduniyata, sama da ƙarfen, tsakanin igiyar likkafa da ƙwaurina, har igiyar ta zauna a lanƙwasar gwiwar hannunta. Ba ta ɗaga da ƙarfi ba. Miƙewa kawai ta yi tana ci gaba da tafiya, tafiyar ce ta ɗauki ƙafata. Na tafi a hankali na zube kan katifa.

Jikana ya ce, "Inna, sake, ban gani da kyau ba. Mi kika yi?"

Ta ce, "Haka na yi."

Ina kwance a katifa, ƙafa ɗaya a sama, na ji bakina ya buɗe da kansa. "Kai, saurara nan. Ƙarfe ba naka ba ne, na mai shi ne, kar yatsanka ya kusance shi. Igiya za ka nema, ta bayan dunduniya. Ka shigar da hannu har gwiwa. Kar ka ja, ba guga kake ja a rijiya ba. Ka miƙe zaune, ka bar dokinka ya yi gaba, shi zai kayar maka da shi." Aka sake ɗora ni, ta sake yi, ina faɗa tana nunawa, har ya iya a kan buhu, har matan gidan ma suka iya.

Da muka zauna cin dambu, na kasa haƙuri. Tambayar ta tsufa a cikina. Na ce, "Ke, don Allah, mi ya sa Baba ya zaɓe ki ya bar ni? Ni ce babba, na fi ki ƙarfi."

Ta ci gaba da tauna. Ta ce, "Ya ce bakinki ba ya rufuwa. In ya koya miki, kafin kasuwar Bilbis ta sake ci duk mai jaki ya iya."

Jikana ya ƙware da dambu, sai da aka ba shi ruwa.

Na ce, "To da na rufe bakin, wa zai san an yi? Ke da kin mutu da shi a ƙarƙashin gado."

Ta ce, "Haka ne, Yaya." Ita ko gardama ba ta iya ba, abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan.

Da la'asar suka yi abinsu a Bungudu. Tela ya faɗi a rairayi ya tashi yana tofar da ƙasa, yana cewa a sake. Jikana ya sauko da yatsunsa goma cif. Na kama hannun na duba su ɗaya bayan ɗaya, na ce masa ƙura ce nake kakkaɓe masa.

Abin da na ji tsoro kuwa ya faru. Ya sa abin da ya ɗauka a Karakkai inda mutanen can ke gani. Hannun ƙanwata ne ya cika hoton, da tabonta da komai. Ni ƙafata kawai ta fito, tana tashi sama, sai muryata daga gefe. Ya ce sun yi ta rubuto magana, yana karanta mini yana fassarawa. Suna tambayar shekarun tsohuwa mai hannu, suna so a nuna musu likkafun ta kowane gefe, wani har ya ce a gaishe ta. Na ce, "Ƙafar fa, babu wanda ya tambayi ko ta wace ce?" Ya duba, ya sake dubawa, ya ce tukuna dai.

Yanzu Juma'a ta rabu. In hanya ta yi kyau Karakkai yake tafiya, tana nuna masa yadda ake rataya takobi a kafaɗa da hamila, yadda ake zare shi ba a yanki linzami ba. Ashe akwai sauran abubuwa da yawa da Baba ya raɗa mata. Ta ce bayan ranta kayan nasa ne. Ni ba ni da ƙarfen da zan bar masa. In ya zo wurina yakan miƙe ƙafa ya ce a kayar masa da ɗan fashi, ina kuwa kayarwa, har na ƙara wurin igiya da gwiwar hannu, labarin ya fi da daɗi. Maganar da nake rufewa da ita ce kawai na sauya. Yanzu cewa nake: Jamusawa takarda suka samu, Baba ni ya samu. Duk da haka ina lura da shi. In na kai wurin ɗaga ƙafa, hannunsa na motsi a kan cinyarsa, kuma na san ba ni yake tunawa ba.

Cikin waɗanda suka ga masussukar nan da idonsu, saura mu uku. Ni, da ƙanwata a Karakkai, da ɗan maƙwabcinmu da ke riƙe mana jakuna, wanda yanzu yake Tsafe wurin ɗiyarsa, idonsa ya tafi. Na aika a tambaye shi ko yana tunawa. Ya ce yana tuna wata yarinya da ake ta jefarwa cikin ƙaiƙayi, mai baki kamar gidan biki. Ɗayar kuwa, wai ya manta da ita sam. Na sa an kai masa goro.